Babur Ɗin Ƙanƙara Mai Haƙa Rami

Tambaya: Malam, a duwatsun yammacin Kanada nake hawan babur ɗin ƙanƙara, wato wanda ke tafiya a kan dusar ƙanƙara da bel maimakon taya. Da na ba shi wuta a dusar ƙanƙara mai zurfi sai ya ɗaga gaba, bayansa ya haƙa rami. Me zan sauya?

Amsa: Ɗan'uwa, nauyi ne ke komawa baya fiye da kima. Kafin ka sayi komai, rage tsawon maɗaurin da ke riƙe hannun gaba na sasfenshan ɗin baya da huda ɗaya. Bel zai hau dusar a kwance, ya daina tona ta. Sassauta sifirin ɗin shokozoba na tsakiya, ka ƙara wa na baya tauri kaɗan. Ka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, domin maɗaurin in ya gajarta da yawa, kan babur zai yi nauyi a kwana. In ramin bai daina ba, koma bel mai tsawon inci 165 da haƙoran inci 3, tare da dogayen reloli, wato ƙarafan da bel ke zamewa a kansu.