Na sayi babur na hannu babu littafinsa, yaya zan duba baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Boxer na hannu, wanda ya sayar mini ya ce bai san inda littafinsa ya shiga ba. Ina zan samu wani? Kuma yaya zan gane ko baƙin mai ya yi ƙasa? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Littafin nan da wuya ya kai hannun mai saye na biyu, wani ma tun wurin haɗa babur daga kwali yake salwanta. Ka fara da dilolin sababbin babura, ko da hoton shafukan ne su bari ka ɗauka da waya. In ba a dace ba, ka nema a intanet da cikakken sunan samfurin, domin Boxer BM100 daban, BM150 daban, ko da yake duka Bajaj ta Indiya ce ke ƙera su.

Amma kada ka jira littafi kafin ka duba mai. Ka ɗora babur a kan tsayuwa biyu, wato ƙafarsa ta tsakiya mai tsayar da shi a miƙe, a wuri mai daidai. Yawancin mutane a nan suke kuskure: a jingine suke dubawa, mai ya kwanta gefe guda, geji, wato ɗan tsinken auna mai, ya yi musu ƙarya. Ka tayar da inji ya yi minti 3 zuwa 5, ka kashe, ka ba shi kamar minti 3 man ya sauko. Murfin wurin zuba mai yana gefen dama na injin, kuma galibi gejin a jikinsa yake. Goge ƙurar da ke kewaye da shi tukuna, musamman da hunturu, kada yashi ya faɗa ciki. Sai ka kwance, ka goge gejin da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. A ƙananan baburan Honda ɗora gejin kawai ake yi ba a murɗa shi, kuma wannan ne abu na farko da zan so ka tabbatar a littafin naka, tunda murɗawa kan nuna mai ya fi yadda yake.

In ya yi ƙasa, ka ƙara kaɗan-kaɗan kana aunawa. Irin wannan inji kusan lita 1 yake ci gaba ɗaya, saboda haka ɗan ragi ba ƙaramin abu ba ne, cikawa fiye da layi kuma sai ya fara tsatsowa.

Ka murza man tsakanin yatsu. In ya tsinke kamar ruwa, ko ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko yana warin fetur, juye za a yi, ƙari ba zai yi magani ba. Ka sayi 20W-50 na babur mai alamar JASO MA, a rufe cikin gorarsa. Kulocin babur a cikin man nan yake wanka, wasu mayukan mota kuwa sa shi zamewa suke yi. Na awo da ake tsiyayowa a gefen titi, ni dai ba na zuba wa kowa shi.

Iska ce kaɗai ke sanyaya injin nan, ga zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a Afrilu. Don haka kada ka kai ƙarshen kilomitar da littafi ya yanka kafin juye. In kabu-kabu za ka yi da shi, kullum da safe ka duba. In na zuwa aiki ne, sau ɗaya a mako ya isa, sai kuma duk ranar da za ka kama hanyar Illela ko Tambuwal.