Ƙanwata mai son zuwa karatun ƙwaƙwalwa, ga amsarki

Salam ƙanwata, ina gajiya, ya Yamai ya zahi. Na ga saƙonki, kin ce kina shekara ta biyu ta lisans ɗin fizik a jami'ar Abdou Moumouni, kin ga bidiyo a Facebook wai akwai wata hula da ake sa ma yaro a kai cikin ƴan mintoci ta nuna ko yana da otizim ko farfaɗiya, shi ne kike son ki zo nan Marsey ta Faransa ki koyi aikin da nike yi. Bari in amsa nan inda sauran ɗalibai za su gani don ba ke ɗai ke tambaya ba.

Hular akwai ta, EEG ake ce mata, kuma tsohuwa ce, tun 1924 wani likita Bajamushe Hans Berger ya fara ɗaukar wutar ƙwaƙwalwar mutum a garin Jena, ya fitar da sakamakon a 1929. Amma wai tana gane otizim, nan ƴan talla ne suka ƙara gishiri. Otizim, wanda wasu ke ce ma galahanga, har yau da lura ake gane shi, yadda yaro ke wasa, ko yana haɗa ido da mutane, ko yana waiwayowa in an kira sunanshi, ga doguwar hira da uwayenshi. Mu a labo alama muke nema cikin igiyoyin wutar ƙwaƙwalwa da na'urar ke zanawa, in ka tara yara da yawa ka yi lissafi wani lokaci ka ga ɗan bambanci tsakanin rukuni biyu, amma a kawo yaro guda ki duba layukanshi ki ce wannan yana da shi, wallahi ba wanda ya kai nan tukuna. Abin da ya haɗa biyun shi ne yara masu otizim sun fi sauran yara kamuwa da farfaɗiya nesa ba kusa ba, shi ya sa ake kawo muna su.

Wajen farfaɗiya kam na'urar tana aiki da gaske. Kamar kina bayan katangar filin kokowa ne lokacin gasar takobi, ba ki jin maganar mutum guda sai guna-guni, amma da an yi kaye duk fili ya ɗauka baki ɗaya sai ki ji, to haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yi lokacin da ciwon ya taso, dubbai su harba tare. Akwai wata iri da ke ba ni tausai, yaro ba ya faɗuwa ba ya kumfa, sai dai ya tsaya cik ido buɗe kamar sakan goma ya dawo bai san an yi ba. Mukan ba shi ƴar fanka ta takarda ya yi ta hurawa minti 3, kina kallo sai hannunshi ya saki, a kan ekaran kuwa layukan duka su koma tsini da tudu, tsini da tudu, sau 3 cikin sakan guda. Irin wannan yaron a lakkwal ɗinmu na Tawa bulala yake sha wurin mushe wai ba ya saurare, alhali magani ne kawai yake buƙata. Hukumar lahiya ta duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarhi da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai. Mu ga sanƙarau ga zazzaɓin sauro mai taɓa kai ga doguwar naƙuda ga hatsarin kabu-kabu ba kwalkwali, duk suna barin tabo a ƙwalwa. Kuma don Allah ki gaya ma mutanen gida ba a ɗaukarta ta miyau, kada a cusa ma mutum cokali a baki, a juya shi ta gehe kawai, in ya wuce minti 5 a yi likita da shi.

Yanzu aikin kanshi, don bidiyon nan ba ya nuna wahalar. Za ki ɗauki mita ta tela ki auna daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ki ɗiga alama da jan fensir, ki goge fatar kai, ki manna ƴan wayoyi 21 ɗaya bayan ɗaya da wani manɗa mai danƙo. Yaro mai otizim kuwa sau da yawa ba ya son a taɓa mishi kai ko kaɗan, sai lallashi. Ga gashinmu, hulunan nan ba da kanmu aka auna su ba, yarinya ta zo da kitso sai an tsehe ko a bi tsaga. Wutar da ake aunawa kashi ne cikin miliyan na bolt guda, ƙyafta ido ya fi ta ƙarhi, tauna ta fi ta, kuran ɗin bango mai bugu 50 cikin sakan shi ma yana shiga, rabin ranata wajen share wannan dattin take tahiya gaban ordinata. Kuma gwaji na minti 20 yana iya fitowa fes alhali mutum na da ciwon, don haka likita ke yanke hukunci ba na'ura ba.

Hanya biyu ce. Ko ki yi likitanci ki gama sannan ki ƙara shekara 4 na ƙwarewa kan jijiya, wasu namu Dakar suke zuwa asibitin Fann, ko ki bi ta lissafi irin tawa, lisans, mastar, sannan doktora shekara 3. Ke da kike fizik ta biyun ta fi miki, kuma kada ki raina darasin Fourier ɗin nan da kowa ke gudu, da wannan lissafin muke raba igiyoyin ƙwaƙwalwa, alfa mai bugu 8 zuwa 13 cikin sakan da delta da ke ƙasa da 4.

Maganar zuwa Faransa kuwa ba zan rufe ki ba, ta yi wuya, an rufe ambasad ɗinsu na Yamai tun Janairun 2024. Lokacin da na zo ma sai ka nuna kana da yuro 615 duk wata, sama da jika 400 ke nan, kuma rabi ko fiye a ɗan ɗaki yake ƙarewa. Marsey tana da suna a fannin tun zamanin Henri Gastaut, wani babban likitan farfaɗiya, asibitin La Timone na aikin tiyatar farfaɗiya, amma ba ita ɗai ba ce duniya. Ki duba burs na Maroko da Aljeriya da Turkiyya, ki riƙa leƙa sanarwar ANAB, hukumar burs ta Nijar, ki bi IBRO da TReND in Africa da ke shirya gajerun horo ga ɗaliban Afirka, wurin irin su ne ake haɗuwa da malaman da za su ɗauke ki estaj.

Kafin nan, ki koyi Python, yaren ba ordinata umarni, da wani abu na nazarin EEG da ake ce ma MNE, kyauta ne, shafin intanet na PhysioNet kuma na da EEG na yara masu farfaɗiya daga asibitin yara na Boston, shi ma kyauta, sai dai ki nemi wifi mai ƙarhi don fayilolin na da nauyi. Ki matsa ma Inglishi lamba, kusan duk takardun bincike da shi ake rubutawa ko a nan. Sannan ki tahi sashen jijiya na ɗaya daga manyan likitocin Yamai ki gaida su da ladabi ki roƙi a bar ki ki kalli yadda ake ɗaukar EEG ko da ranar da ba ki da kur ne, malami in ya ga dosiye na wadda ta taɓa manna waya a kan mutum ba ya aje shi gehe.

Ki turo mini relebe ɗinki na shekara ta farko in ga makin lissafi, sai mu san wane mastar za ki nema. Ki gaida su Inna da Baba.