Gwajin tsinke bai nuna kala-azar ba, a ƙara da PCR?

Malam, ka ce ƙaninka ya dawo daga karatu a Sudan, zazzaɓi ya ƙi sauka sama da mako biyu duk da maganin maleriya, yana ramewa, saifa ta kumbura, amma gwajin gaggawa na tsinke mai suna rK39, wanda ake yi don gano ciwon kala-azar, bai nuna komai ba. Amsa ita ce e, a ƙara da gwajin PCR, kada a tsaya kan wancan sakamakon. Gwajin tsinke garkuwar da jiki ya samar kawai yake nema, kuma a Gabashin Afirka yana kuskure masu cutar fiye da yadda yake yi a Indiya. PCR kuwa ƙwayar halittar Leishmania kanta, wato ƙwayar cutar da ke kawo kala-azar, yake lalubowa a cikin jini ko ɓargon ƙashi.

Abin da na lura da shi a aikin ɗakin gwaji a nan Kaduna shi ne, idan ba a ambaci tafiyar ba, sai a yi ta maimaita gwajin taifot da maleriya, domin cutar ba ta cikin abin da ake fara zato a wajenmu. Ku gaya wa likita garin da ya zauna, musamman idan ya je wajen Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma ku tuna ciwon kan ɗauki watanni kafin ya bayyana. Ku nemi a tura ku asibitin koyarwa, Barau Dikko ko Shika, kada ku ɓata lokaci a kemis, don wannan ciwo yana kisa idan ba a yi magani ba. Mutanen gida kuma su kwantar da hankali, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Wani ɗan ƙwaro ne mai cizo, wanda bai kai sauro girma ba, yake yaɗa shi. Allah ya ba shi lafiya.