Tambaya da Amsa: Hasashen Chowla

Tambaya: Malam, na ji an ce Terence Tao ya warware hasashen Chowla tun 2015, amma malaminmu ya ce har yau ba a warware ba. Wane ne da gaskiya? (Wata ɗalibar lissafi, Zariya)

Amsa: Malama, malaminku ne da gaskiya, sai dai abin da kika ji ma yana da tushe.

Ɗauki lamba n, ki farfasa ta zuwa firam, wato lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kansu, ki ƙirga su har da masu maimaituwa. In adadin cika ne, λ(n) = +1; in mara ne, −1. Misali 12 = 2×2×3, uku ke nan, don haka λ(12) = −1. Sirrinta kuwa λ(ab) = λ(a)λ(b).

A 1965 Sarvadaman Chowla ya yi hasashen cewa alamar n ba ta san ta maƙwabciyarta ba: a tara λ(n)λ(n+1) daga 1 zuwa x, a raba da x, sakamakon zai doshi sifili. Haka ma ga maƙwabta uku ko fiye. Gwada daga 1 zuwa 10: +1 sau uku, −1 sau bakwai, jimla −4. Kada ki gina komai a kan wannan. Hasashen Pólya, mai cewa jimlar λ(n) daga 1 zuwa x ba ta wuce sifili in x ya kai 2, bai fara karyewa ba sai a x = 906,150,257.

Matsalar ita ce λ da ninkawa ta saba, n+1 kuma ɗan tarawa ne. Dabarar rariya, wadda ake tankaɗe firam da ita, ba ta iya bambance lamba mai adadin firam cika da mai mara, kamar yadda Selberg ya nuna.

A 2015 Tao ya dogara da aikin Matomäki da Radziwiłł a kan gajerun tazara, ya ba kowace n nauyin 1/n, ya raba jimlar da log x. Da wannan nauyi, komawa daga n zuwa pn (p firam ce) kusan ba ya sauya ma'auni, kuma λ(pn)λ(pn+p) daidai yake da λ(n)λ(n+1), tunda λ(p)² = 1. A nan hujjar ta sami wurin taka ƙafa, ga maƙwabta biyu. Daga baya shi da Teräväinen suka yi na maƙwabta masu adadi mara, wato uku, biyar da sauransu. Cire nauyin nan ne ya gagara, ko ga biyu. Huɗu kuwa, ko da nauyin ba a kai ga warwarewa ba.