Kurege, Ƙiba da Kaka: Amsoshin Wannan Mako

Tambayar farko daga wani ɗalibi ce da ke karatu a Manchester ta ƙasar Ingila. Ya ce bana sanyi ya yi musu jinkiri, har watan Nuwamba ya raba bai fara sa babbar riga ba, ga wasu 'yan dabbobi masu wutsiya buzu-buzu a lambun makarantarsu sun yi ɓul-ɓul. Ya kira su kurege? Shi dai ya san kurege a rami yake, waɗannan kuwa a bishiya suke kwana.

Kurege ne, ɗana, kada ka yi shakka. Na san wanda ke idonka: namu na gonar gyaɗa, mai kalar ƙasa da farin layi a haƙarƙari, wanda kan miƙe kan ƙafafun baya ya dube ka, kafin ka sunkuya ɗaukar hoge ya faɗa rami. Naku danginsa ne, wurin kwana ne ya raba su. Bahaushe kuwa ba ya rasa suna don abu ya sauya muhalli. Jirgi a ruwa ya san shi, da ya gan shi a kan dogo ya ce jirgin ƙasa, da ya tashi ya ce jirgin sama. Don haka ka ce kuregen bishiya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa "ɓeran bishiya". Ɓera daban, kurege daban, yaron ƙauye ɗan shekara biyar ba zai haɗa su ba.

Wannan mai ruwan toka da kake gani ma baƙo ne a Ingila. Daga Arewacin Amurka aka kawo shi, aka sake shi a yankin Cheshire a 1876, ya yaɗu har ya ture ɗan gida, wato jan kurege, wanda yau a Birtaniya galibinsa a Sikotilan ya rage. Duk lokacin da na tuna wannan sai tatsuniyar kurege da bushiya ta faɗo mini, wadda aka ba ta mafaka daga ruwan sama ta baza ƙaya, ta ce wanda bai ji daɗi ba ya fita. A can kurege ne ya yi wa ɗan uwansa halin bushiya.

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta ga hotunan irin wannan kurege, tana tambaya: ƙiba ya yi, ko teɓa, ko kitse? Ɗalibanta duk ɗaya suke ɗaukarsu.

Malama, ki tsaya musu a kan wannan, domin kalmomi uku ne masu aiki uku. Kitse abu ne da ake gani a taɓa, shi mahauci ke yankowa ya ɗora kan tsire. Ƙiba hali ce ta jiki, cikar da ake gani daga waje. Teɓa kuwa naman da ya saki ne yana reto, kuma akwai ɗan zargi a cikinta, ba a faɗa wa mutum ita a fuska. Kurege ya tara kitse, shi ya sa ya yi ƙiba. Teɓa ba tasa ba ce, domin dabbar da ke tsalle daga reshe zuwa reshe jikinta a ɗaure yake, kuma ƙibar tasa guzuri ce. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa abinci kan yi wuya, sai ya dogara da kitsen jikinsa da 'ya'yan itatuwan da ya bi ya binne ɗaya-ɗaya a wurare barkatai. Shekarar da sanyi ya makara, ƙasa na nan a buɗe, yana ta ci, jikinsa kuma ba ya ƙona kitse wajen ɗumama kansa. Haka aka gani a Disambar 2015, wadda ba a taɓa rubuta Disamba mai ɗumi irinta a Birtaniya ba. Ki ƙara da cewa gashinsa kan yi kauri gab da hunturu, ba duk cikar da ke hoto ce kitse ba.

Tunda muna nan, ƙiba da ƙ mai lanƙwasa ake rubuta ta. Kullum ina ganin "kiba" a Facebook, daga mutanen da wayoyinsu ke da harafin. Haka suke mayar da ƙaƙa kaka, su haɗa tambaya da lokacin girbi. Wannan ba rashin sani ba ne, ƙyuya ce.

Wani daga Kumasi: daidai ne a kira lokacin zubar ganye na Turai kaka?

Daidai ne, don nan ma girbi ne can ma girbi ne. Sai dai idan Bahaushe ya ji kaka, sabon gero da yalwa da bukukuwan aure yake ji, ba ganye mai zuba ba.

An kuma tambaya ko muna da kalmar dogon baccin da wasu dabbobi ke yi da sanyi. "Baccin hunturu" ya wadatar, amma kada a jingina shi ga kuregen bishiya, shi ba ya yin sa, rage fita kawai yake yi. Mai yin sa shi ne kuregen ƙasa na Alaska, wanda kan kwanta kusan wata takwas, zafin jikinsa ya sauka ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Mu abin da muka sani kusa da wannan gaiwa ce, mai shiga laka da rani tana cin jikinta har ruwa ya sauka.

Wani ya tambaya: karin maganar "Don tuwon gobe ake wanke tukunya", ya dace da kurege mai binne abinci? Bai zauna sosai ba. Karin maganar kan kyautata wa wanda za ka sake buƙata take, ba kan ajiya ba.

Tunda mun yi zancen kitse, ga ma'anar "Kallon kitse ake wa rogo": fari ne ya ruɗi ido, ana zaton maiƙo, ashe rogo ne.