Kwikwiyona matsoraci ne, an ce in ba shi albarushi ya yi zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Na sayi kwikwiyo mai dogayen ƙafafu a hannun wasu Buzaye da suka zo daga wajen Tawa, da niyyar in horar da shi farauta, idan ya yi kyau kuma in sami iri a jikinsa. Yanzu watansa 4, amma da zarar baƙo ya shigo gida sai ya shige ƙarƙashin rumbu, ranar da aka harba bindiga a bayan gari kuwa har fitsari ya saki. Abokan farautata sun ce in kulle shi a ɗaki mai duhu wata biyu, in rage masa abinci, in riƙa barbaɗa masa albarushi da barkono a tuwo. Hankalina bai kwanta ba, ga shi kuɗin da na kashe ba kaɗan ba ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin abubuwan nan, kuma ka kwantar da hankalinka, domin kwikwiyonka bai lalace ba tukuna. Karnukan yankin Azawak irin naka, waɗanda makiyayan Nijar da Mali ke bin zomo da barewa da su, ɗabi'arsu ce su manne wa mai su, su yi ɗari-ɗari da baƙo. Ƙari a kan haka, lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da ƙararraki shi ne daga mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa, naka kuwa a daji ya yi wannan lokacin, bai ga taron jama'a ba, bai ji kukan babur ba, balle bindiga.

Maganar albarushi ita ce ta fi ɓata mini rai, don kusan shekara arba'in ke nan ina kiwon karnukan farauta, kuma da wuya mako ya wuce ban ji ta a bakin wani ba. Albarushin gargajiya haɗi ne na gawayi da farar wuta da gishirin naitiret, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke da hanya zuwa zuciyar kare. Abin da yake yi shi ne ya ƙone masa ciki, ya sa shi amai da zawo, idan ya yi yawa kuma ya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata, har ka ɗaga leɓen karen ka ga dasashinsa ya yi duhu. Karen da cikinsa ke murɗa dare da rana dole ya yi gurnani ga duk wanda ya taɓa shi, sai jahili ya tsaya daga nesa yana cewa magani ya ci. Na zamani ma sun ƙara da jefa ƙwayar tiramadol a cikin abinci, wadda ke iya sa kare jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Kuskuren duka yana wajen rashin bambance masifa da zuciya. Ka dubi karen da aka fito da shi daga ɗakin duhu: gashin bayansa a tsaye, kunnuwa a kwance, bindi a matse tsakanin ƙafafu, yana haushi yana ja da baya, idan ya kai cizo kuma sai ya saki ya gudu. Wannan tsoro ne tsagwaronsa, ya ciji ne don ya rasa mafita. Kare mai zuciya ba ya yawan haushi, yakan tsaya cik, kunnuwa gaba, ya dubi abu ya auna shi, kuma yaro na iya kwanciya a jikinsa. An taɓa kawo mini wani kare da aka yi wa wannan horon na wata biyu, bayan ya yage hannun 'yar mai shi don kawai ta miƙa hannu za ta ɗauke kwano. Mun fita da shi daji, ƙarar bindiga ta farko ya nufi gida a guje, sai da yamma muka same shi a bayan randa yana rawar jiki.

Akwai wani haɗarin da masu wannan shawara ba su taɓa tunawa da shi ba. Alamar farko ta ciwon haukan kare ita ce canjin hali, to wanda ya mayar da karensa mai gurnani kullum, ta yaya zai gane ranar da haukan gaske ya shige shi? Cutar nan idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi, kuma yara ne suka fi shan cizo.

Turawan Jamus, waɗanda suka mayar da aikin kare wasan gasa, tun da Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen makiyaya a 1899 suka gane bambancin masifa da zuciya. Jarrabawarsu ta ƙunshi bin sawu da biyayya da tsaro, kuma a cikinta akan harba bindiga karen yana tafiya a gefen mai shi ba igiya. Wanda ya firgita ya gudu ya faɗi, kuma ƙungiyar ba ta yarda a nemi iri a wajen karen da bai ci jarrabawar aiki ba. Natsuwa suke aunawa, mu kuma wasu daga cikinmu suna ƙera firgici da hannunsu suna kiransa jarumta.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri. Ka riƙa ba shi abinci da hannunka. Baƙo idan ya zo, ya zauna ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido, ya jefa masa ɗan ƙashi ko guntun nama, har shi da kansa ya fito ya shinshina shi, kuma kada a jawo shi daga maɓoyarsa. Ƙara kuwa a fara ta daga nesa sosai a lokacin da yake cin abinci, da tafi ko buga kwano, idan ya ci gaba da ci a matso kaɗan bayan 'yan kwanaki, idan ya bar kwanon a koma baya. Mafi amfani duka shi ne ka haɗa shi da tsohuwar karya mai natsuwa, ya riƙa bin ta zuwa gona, don abin da zai koya a wajenta cikin wata guda ya fi abin da za ka koya masa cikin shekara. Kada ka sa shi dogon gudun farauta sai ya haura shekara ɗaya, ƙashinsa ya gama ƙwari.

Rigakafin haukan kare ana fara shi daga wata 3, saboda haka naka ya isa, har ya ɗan makara. Ka je asibitin dabbobi, ka karɓi katin shaida, ka maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura, amma tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka wanda ya zaro ta daga aljihu ranar kasuwa da tsakar rana, ruwa kawai ya sayar maka.

Ka gaya wa abokanka su ji tsoron Allah. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida da ta halatta abin da dabbar farauta ta kamo ta yi maganar horarriya ce, kuma malamai sun ce horarren kare shi ne wanda idan aka sake shi ya tafi, idan aka tsawatar masa ya tsaya. Karen da yunwa da duhu suka zautar ba ya jin kira. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci kuwa kowa ya san shi.

Batun iri ka jinkirta shi sai ya kai shekara biyu. Tsoro ana gadonsa kamar yadda ake gadon gudu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan zuwa lokacin ya saba da jama'a, yana tsayawa a ƙarar bindiga, ka nema masa karya mai irin natsuwarsa wadda ba 'yar'uwarsa ba. Idan kuwa har yanzu yana gudu, ka bar shi ya yi maka gadin gida, kada ka bari ya yi barbara.