Tsohuwar jif: amsoshin tambayoyinku

Wani malamin sakandare daga Samaru a Zariya ya rubuto: "Na ɗauki adashi, na sayar da Corolla ɗita. Dillali ya nuna mini jif biyu, Highlander ta 2005 da Pathfinder ta 2006. Pathfinder ta fi arha, ta kuma fi cika ido. Mu bakwai ne a gida, kuma da damina ina zuwa gona wajen Giwa. Wacce zan ɗauka?"

Malam, da ka tambaye ni kafin ka rabu da Corolla, da na ce ka yi haƙuri da ita. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai mu duba abin da ke gabanmu.

Arhar Pathfinder ɗin nan tana da dalili. Waɗanda aka ƙera daga 2005 zuwa 2010 masu giya otomatik suna da wata cuta da aka san su da ita. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto domin ya huce. Idan bututun ya tsage, ruwa ya haɗu da man, to giyar ta kama hanyar lalacewa, kuma ba ta yin sallama. Da sassafe, kafin a tayar da injin, ka buɗe murfin lagireto ka leƙa. In ka ga ruwan ya yi kauri kamar an dama madara da zoɓo, ka yi wa dillali godiya ka kama gabanka. In ruwan garau yake, ka tambaya ko an taɓa canja lagireton ko an raba hanyar man giya da shi. Idan aka fara yi maka kame-kame, ka sa kuɗin wannan aikin cikin ciniki.

Highlander ta 2005 kuwa injinta iri biyu ne. Akwai mai fulogi huɗu, 2.4, wanda ya fi sauƙin shan mai, amma da mutum bakwai da buhun masara a baya zai riƙa nishi, kuma in ya taɓa yin zafi sosai, zaren kusoshin da ke riƙe kan injin yakan saki. Akwai kuma mai fulogi shida, 3.3. Wannan da bel ɗin taimin yake aiki, ba kaca ba, kuma ana canja bel ɗin duk bayan kimanin kilomita 145,000. Motar da ta kai shekara ashirin, babu wanda zai rantse maka yaushe aka canja shi. Ka canja kawai, tare da famfon ruwa, tunda wahalar kwancewar ɗaya ce. Ka kuma tabbata tana da kujerar layi na uku, don ba dukansu ke da ita ba, kuma ko akwai, ta yara ce.

Gaskiyar da dillali ba zai faɗa maka ba: Highlander Camry ce da aka ɗaga. Da yawansu tayoyin gaba kaɗai ke ja. A taɓon watan Agusta, Pathfinder mai jan taya huɗu ta fi ta nesa ba kusa ba. Duk da haka ni Highlander zan ce ka ɗauka. Kayanta da yawa suna shiga da na Camry da Sienna, kusan duk bakaniken Sabon Gari ya san cikinta, abin da ba a samu a Zariya ba kuma, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba za su rasa ba. Gona kuwa sau nawa kake zuwa a shekara? Ka ajiye motar inda kwalta ta ƙare, ka hau babur.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ainihin tambayar ko da ba ka yi ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin babbar mota ya canja. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne. Zuwa da dawowa, Corolla takan sha lita goma sha ɗaya ko sha biyu. Mai fulogi shida ka ƙiyasta sha takwas. A cikin gari, tsakanin cunkoson Kwangila da PZ da Ƙofar Doka, da AC a kunne, tazarar ta fi haka. Tayar Highlander lamba 16 ce, ta fi ta Corolla tsada. Shokozoba da bushin da bol-join kuwa, ramukan unguwanninmu ba sa barin su su tsufa. Inshora da sabunta takardu su ne masu sauƙin, tunda sau ɗaya ne a shekara.

Shawarata, kada ka zuba duk kuɗinka a hannun dillali. Ka riƙe kashi ɗaya cikin biyar don gyaran wata uku na farko. In kuɗin ba zai kai ba sai ka haɗa da wannan kason, to motar ta fi ƙarfinka a yanzu. Ka je da bakanikenka, ba na mai motar ba, a sa mata kwamfuta, a leƙa ƙarƙashi ko an yanke abin nan na salansa mai tace hayaƙi da ake kira indomi. In 'yar Kwatano ce, ka tantance takardun kwastam kafin kuɗi ya bar hannunka. Lambar tafiyar da ke kan allo kuwa kada ka ba ta gaskiya. Sitiyari da ya yi santsi da fedar birki da ta cinye sun fi ta faɗin gaskiya.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta ce maigidanta ya bar mata Lexus RX300. In ta sa giya sai motar ta yi jinkiri, sannan ta fizga. Bakanike ya ce a saya wata giyar. Ta gyara ko ta sayar?

Hajiya, RX300 ta yi suna wajen ciwon giya, musamman mai jan taya huɗu, don haka bakaniken bai yi ƙarya a kan halinta ba. Sai dai saurin yanke hukuncinsa ne ban so ba. A fara zaro sandar man giya a duba. In man ja ne, bai yi ƙauri ba, wataƙila matsalar sansa ce ko wani ƙaramin bawul, kuma kwamfuta za ta nuna. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, to giyar ta ci kanta. A nan ki sa a buɗe murfin saman injin kafin ki kashe ko kwabo. Injin 3.0 na wannan motar yana tara daskararren bakin mai idan an riƙa jinkirin juye. In ciki tsaf yake, ki sayi giyar, amma da sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. In an tarar da shi kamar kwalta, ki sayar, kuma ki gaya wa mai saye halin da take ciki. Ranar da za a buɗe, ki tura ɗanki ko ƙaninki ya tsaya a garejin ya gani da idonsa.

Na ƙarshe, wani ɗalibi daga Kongo yana tambaya ko gaskiya ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, yana hana CR-V ɗin babansa zafi.

A'a, ɗana. Ɓoye ciwon kawai yake yi, ya kuma ƙara shan mai, musamman da sanyin hunturu lokacin da injin ke daɗewa bai ɗumama ba. A wanke lagireto, a duba fanka da murfin, a daina zuba ruwan rijiya, sannan a mayar da tamostat ɗin inda aka ciro shi.